Mun Ce wa Baƙin Lafiya Lau

Zuwa ga mahaifiyata, Iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, Ya yalwata miki shi, Ya haskaka. Gidanmu na Dogo Tebo yana nan yadda kika bar shi. Darbejiyar ƙofar gida ma tana nan, sai dai an sare mata reshen da kike shanya tabarma a kai, wai yana taɓa wayar lantarki.

A nan ne mai rubuta wasiƙa yake cewa lafiya lau muke. Ni ba zan faɗa ba, Iya, don maganar nan ce ta sa na zauna rubuta miki. Na kuma san da kina raye kika ji na baza zancen gida a shafin da kowa ke leƙawa, da tuni kin aika a kira ni, kin rufe ƙofar ɗaki. Ki yi haƙuri. Na gwada yin shiru, ya ƙi mini.

Kin san makarantar 'yan matan da nake koyar da Turanci a Yerimaram, wadda mutanen unguwa suka haɗu suka gina. A daminar bara banɗakinta ya rufta. Allah Ya taimaka ranar babu makaranta. Tun daga lokacin, duk yarinyar da ta matsu sai ta zaga bayan katanga, kuma bayan katangar nan ne 'yan keke suke jeruwa suna jiran fasinjan kasuwa. Ƙananan ba ruwansu. Manyan ne abin ji, waɗanda suka fara zama 'yan mata. Ɗaya bayan ɗaya iyayensu mata suka fara riƙe su a gida, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai Bintu a ajina. Doguwa ce, ga gardama, ga dariya mai ƙarfi, irin yaran da kike cewa bakinsu ya riga su girma. Ban taɓa koyar da yarinya mai kai irin nata ba. Babarta mai ɗinkin hula ce. Ta zo ta same ni, ta gaishe ni cikin mutunci, ta ce in zangon nan ya ƙare ba a gyara wurin ba, Bintu za ta zauna ta kama mata zare. Ba faɗa ta zo yi ba. Da faɗa ne ma da na san yadda zan yi da ita.

To, ga autanki Idrisa. Yana can Amurka yana karatunsa, yana kuma taimaka wa malamai a wata sakandare. Ɗaliban wani aji a makarantar suna da abokai a wata makaranta a Japan. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ta intanet suke zama, kowa ya nuna wa kowa abincin garinsu da suturarsu da wasanninsu. Kuma ba hira kawai suke yi ba. Na Amurka sukan wanke motocin mutane su sayar da kek, na Japan su sayar da tsofaffin littattafai da tsuntsayen da suke naɗewa da takarda. Abin da suka samu sai su haɗa, su yi shawara, su ba wani wuri guda da suka ga yana da buƙata. Idrisa ya gaya musu akwai makarantar yayarsa a Potiskum. Suka ce suna son su gan mu tukuna, su gaisa da yaran.

Iya, baƙi za mu yi. Me kike tsammani 'yarki za ta yi?

Na tuna ranar da dangin Baba suka zo daga Mamudo ba zato, gidan babu ko mudun gero. Kika fita ta ƙofar baya kika aro shinkafa, kika sa aka yanka kazarki guda ɗaya tilo, kika ciro kwanukan da ba a taɓa su sai da dalili. Mu kuma kika jera mu a bayan ɗaki kika ce, "Ku wanke fuska, ku shafa mai. Wanda ya tambaye ku, ku ce kun ƙoshi." Muka faɗa kuwa. Idrisa yana ƙarami ya ce ya ƙoshi, idonsa yana kan cinyar kaza. Baƙin suka tafi suna yabon gidan Baba, mu muka siɗe kwanuka.

Abin da na yi ke nan, ban rage komai ba. Muka share makarantar har ƙasa ta yi ƙyalli. Muka aro kujerun biki. Bangon da ya tsage muka rufe shi da labulen ɗakina. Na ce kowace yarinya ta zo da kayan Sallarta, a yi ƙunshi, a yi kitso. Wadda ba ta da su aka aro mata. Bintu ba ta da mayafin da zai shiga da atamfarta, sai na buɗe akwatinki na ciro koren mayafin nan naki mai zaren zinariya a baki, wanda kike zuwa suna da shi, na yafa mata.

Muka yi waina da miyar taushe, aka kawo kilishi, aka dama fura da nono mai kyau. Gaban kowace yarinya na ajiye kofin zoɓo da ƙanƙara. Duk wannan don baƙin da ba za su iya ɗanɗana ko loma ɗaya ba. Har turaren wuta na sa, Iya. Na cika kasko na zuba mai tsadar, da aka fara zaman hayaƙi ya turnuƙe ajin har hoton majigi ya dusashe. Idrisa ya turo mini saƙo a waya yana tambaya ko gobara ce ta tashi. Da kina nan da kin yi dariya har kin share hawaye, sannan kin ce a ƙara garwashi.

Bayan azahar aka tayar da janareta, fuskokinsu suka fito a kan farin zanen da muka rataya, kowa a ɗan akwatinsa. A Amurka safiya ce, a Japan har sun yi shirin kwanciya, kowa daga ɗakinsu yake kallonmu. Na Amurka hayaniya gare su, wani yana magana yana tauna abu, wata ta ɗaga karenta ta nuna mana, yaranmu suka yi ta toshe baki. Na Japan a nitse suke, in za su yi magana sai sun sunkuyar da kai. Da wata mai tabarau ta sunkuya ta gaishe mu, sai yaranmu suka durƙusa mata har ƙasa, ita kuma ta ƙara sunkuyawa. Na ɗauka ba za a gama gaisuwar ba sai la'asar.

An yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Yaranmu sun nuna lallensu, sun nuna yadda ake ɗaura ɗankwali, sun yi waƙar gaɗa. Na Japan sun koya musu naɗe tsuntsun takarda, na Bintu ya fito kamar kazar da mota ta taka, ita ta fara yi wa kanta dariya.

Can wajen ƙarshe wani yaro Ba'amurke mai jan gashi ya tambaya, kai tsaye yadda suke yi, wace matsala ce ta fi damun makarantarmu. Bintu ta miƙe cikin mayafinki. Da Turancin da ni na koya mata, tsaf babu tuntuɓe, ta ce mun gode Allah, lafiya lau muke, ba mu da matsalar komai, mun gode da ziyara. Iya, ni na fara tafa mata. Shugaban makarantarmu, Malam Audu, yana gefe yana gyaɗa kai. Duk ajin babu wanda ya ji an yi kuskure. Ni daɗi ma na ji, na ce a raina yarinyar nan ta san gida.

Washegari Idrisa ya kira. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce yaran sun ji daɗinmu ƙwarai, sun ce ba su taɓa ganin makaranta mai kyan tufafi irin tamu ba, don haka suna tunanin kai taimakon wani wurin da ambaliya ta yi wa ɓarna, tunda mu mun ce ba mu da damuwa. Na hau shi da faɗa. Na ce so yake in tara 'ya'yan mutane in sa su yi bara a gaban yaran da ba su girme su ba? Na ce ya je can ya manta tarbiyyar da aka yi masa. Kin san bakina in na fara. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya, haka Iya ta ce wa likita."

Na kashe wayar. Ban sake ɗaga kiransa ba sai da na huce, kuma na daɗe ban huce ba, don gaskiya ya faɗa.

Kin tuna, Iya? Ƙullutun nan ya daɗe a ƙirjinki kina rufe shi da zane. Ina zuwa in gaishe ki kullum, in tambaye ki jiki, ki ce lafiya lau, ki tambaye ni yara. Kika daina ɗaga tulu da hannun dama, na tambaya, kika ce tsufa ne. Sai ranar da na shigo ba sallama na tarar kina wanke tsumman ciwon a ɓoye. Ko a asibiti, likita ya tambaye ki me ke damunki, kika gyara mayafi kika ce babu komai, yaran nan ne suka matsa. Da ya duba ki ya fito, ni ya kalla, ba ke ba. Ya tambaye ni ina muke tun tuni.

Ina jin haushinki, Iya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau na faɗa. Ina kewarki har wani lokacin in buɗe akwatinki don kawai in ji ƙanshinki, kuma ina jin haushinki a lokaci guda. Kin rufa mana asiri duk tsawon rayuwarki, babu wanda ya taɓa raina mu a Dogo Tebo, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, na sani. Amma da kin buɗe baki sau ɗaya, wataƙila da ke za ki yi wa jikokinki kitson Sallar bana.

Malam Audu da ya ji an kusa rasa taimakon sai ya zo da tasa dabarar. Wai a sake ɗaukar yaran a bidiyo, a cire musu takalma, a zaɓo masu yagaggen yunifom a sa su gaba, in da mai saurin kuka a ba ta magana. Wai haka ake yi, haka masu bayarwa suke so. Na ce masa in ya ga an yi haka to ba na makarantar. Yaranmu suna da takalma. Iyayensu sun sha wahala kafin su saya musu, ba za a cire don a burge kowa ba. Wancan karon mun yi ado mun ɓoye gaskiya, wannan karon mu yi tsumma mu ƙara mata gishiri, duka biyun ƙarya ce. Ya ce to in kawo tawa dabarar. Ba ni da ita.

Ana cikin haka Idrisa ya turo mini wani saƙo daga malamar yaran Japan. Yarinyar nan mai tabarau ce ta sake kallon zaman namu, don sun naɗe shi a bidiyo. Ta ce ta ga yaranmu suna gumi suna fifita da littafi, ga kofi mai sanyi a gaban kowacce, amma har aka tashi babu wadda ta kai shi baki. Tana tambaya cikin ladabi ko azumi muke, ko kuwa al'adarmu ce ba a sha a gaban baƙo. Malamar ta ƙara da cewa su ma a wurinsu ba a ɗora wa baƙo damuwar gida, shi ya sa yaransu ba su tsaya ga abin da baki ya faɗa ba.

Ba azumi muke ba. Na kuma tuna lallai na mayar da zoɓon nan cikin bokiti kusan yadda na zuba shi, na ɗauka kunya ce.

Na kira Bintu gefe bayan an tashi. Yarinyar da ba ta rasa amsa, ranar sai ta tsaya tana murza bakin hijabinta. Da ƙyar ta ce, "Malama, ai ba ma shan ruwa in za mu zo makaranta." Tun asuba suke dainawa, manyan duka, sun haɗa baki, don kada su matsu su zaga bayan katanga. Ba sa sha sai sun koma gida.

A zafin Potiskum, Iya. Zafin da kike jiƙa zane ki lulluɓa.

Akwai randa a ƙofar ajina. Na sha yabon yaran a gaban sauran malamai, ina cewa 'yan ajina ba su da ɓarnar ruwa, randarmu takan kwana biyu ba a ƙara mata ba. Ni kuwa gorata tana kan tebur ina kurɓa a gabansu, in na matsu in tsallaka gidan wata Hajiya da ke kallon makarantar. Kullum ina tsaye a gabansu ina ganin leɓunansu a bushe, ina yi musu faɗan rashin shafa mai. Sai da wata yarinya daga ƙarshen duniya, wadda ba ta san sunan garinmu ba sai kwanan nan, ta ga abin da ban gani ba. Kunyar da na ji ranar ta fi wadda nake gudu.

Na ɗauki bidiyon da kaina. Ban sa fuskar yarinya ko ɗaya ba. Na nuna ramin da ya rufta, na nuna bayan katanga da kekunan da ke jere, na nuna randa cike da ruwa da moɗa a bushe a kai. Sannan na juyo da wayar ta kalle ni, na faɗi komai da bakina. Na ce kayan da suka gani na Sallah ne, wasu ma na aro. Na ce labulen bango yake rufewa. Na ce a wurinmu in baƙo ya tambayi lafiya, lafiya lau ake ce masa ko da gawa a ɗaki, kuma ni na koya wa yaran hakan, ni ma uwata ce ta koya mini, kuma ba don yaudara ba ne, don girmama baƙo ne. Na tura wa Idrisa ya nuna musu. Ji na yi kamar na fita titi babu ɗankwali.

Maganar ta zaga, kin san garin. Goggo Hajara ta aiko mini cewa ba ta taɓa zaton 'yar Iya ce za ta kai kukanta wurin baƙin ƙetare ba. Maganarta ta tsaya mini, amma ta wata fuskar da ba ita take nufi ba. Garin nan ne ake lodin shanu tirela-tirela duk mako a tafi da su kudu. A garin nan ne sai wasu yara sun wanke motoci a Amurka, wasu sun naɗe takarda a Japan, kafin 'ya'yanmu su sami wurin kewayawa mai ƙofa. Kuma ko mu malaman ba mu taɓa zuwa mun faɗa wa masu halin unguwar ɓaro-ɓaro ba, don maganar banɗakin 'yan mata ba ta faɗuwa a zauren maza. Makon jiya na je na faɗa. Dattawan suka yi ta kallon ƙasa, suka ce za a duba.

Yaran can ba su yanke shawara ba tukuna. Guminsu ne, kuma mutanen da ambaliya ta ci ma bayin Allah ne. In sun ba su, ba zan ji haushinsu ba. Zangon kuwa saura kaɗan ya ƙare.

Abin da ya sa na rubuto miki yau shi ne, kujerar Bintu babu kowa tun farkon makon nan. Abokiyar zamanta ta raɗa mini cewa zazzaɓi take da ciwon mara, fitsari ma da kuka take yin sa. Ɗazu da hantsi babarta ta zo bakin makaranta. Ta miƙo mini leda, na buɗe, mayafinki ne, an wanke an goge an turara shi. Ta yi godiya har da rusunawa. Na tambaye ta Bintu. Ta gyara lulluɓinta, ta yi murmushi, ta ce, "Lafiya lau, Malama, babu komai."

Fuskarki na gani, Iya. Har yadda ta kawar da ido, naki ne. Kuma kin san abin da na yi? Na ce to madalla, a gaishe ta. Bakina ne ya faɗa da kansa, kafin in ankara ta tari keke ta tafi.

Gobe in Allah Ya kai mu zan je gidan. Zan yafa mayafinki. Za ta shimfiɗa mini tabarma, ta aika a aro abin da za a ba ni, ta ce lafiya lau. Ba zan karɓa ba. Zan ɗaga labulen ɗakin da ba a ce in shiga ba, in ɗauko yarinyar nan mu tafi asibiti, in ta kama a ce 'yar Iya ba ta da kunya, a ce. Abin da ya kamata in yi miki ke nan ban yi ba, don kin yi mini tarbiyya har ta yi yawa. Ki yafe mini wancan, ki yafe mini na goben ma.

Allah Ya jiƙan ki, Iya, Ya gafarta miki, Ya rufa miki asiri a can kamar yadda kika rufa mana a nan. Ya ba Bintu lafiya, Ya mayar da ita kujerarta. Ya yi wa yaran can albarka, waɗanda suka wanke motoci da wadda ta lura da kofuna, ko sun ba mu ko ba su ba mu ba. Ni kuma Ya ba ni bakin faɗa in abu yana ciwo. Amin.

Taki har kullum,
'yarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta har kika tafi.